Tsakanin Girbi da Buhu: Shanya a Keita, Buza da Madawa, da Ruɗin Tabar Wiwi

Tsakure

Maƙalar nan ta ɗauki wata magana da ta fara yawa a bakin samari, cewa da za a halatta noman tabar wiwi da manomin Sahel ya rabu da talauci, ta auna ta da abin da ke faruwa a garake da fadamun gundumomin Keita, Buza da Madawa cikin jihar Tawa. Hujjar da take kafawa ita ce asarar manomin wannan yanki na Adar ta fi yawa a ƴan kwanakin da ke tsakanin girbi da ɗinke bakin buhu, wato lokacin shanya, kuma sauya irin shuka ba ya toshe wannan ɓaraka. An bi ta kan albasa da gabu, da kauɗar tumatir, da rama da taba, sannan aka dubi matsayin wiwi a dokar Nijar da abin da ya samu ƙananan manoma a ƙasashen Afirka da suka sassauta dokarsu.

Gabatarwa



Abin da ya jawo wannan takarda hira ce a tasha. Wani saurayi da ya dawo daga cin rani ya miƙo mini wayarsa, ya nuna mini hoton wani ɗaki a Kanada: ganye a rataye jeri-jeri, na'urar auna zafi da laima a bango, ma'aikata sanye da fararen riguna kamar a asibiti. Ya ce, "Malam, ka ga abin da suke yi da wiwi can. Mu kuwa an hana mu, an bar mu da albasa tana ruɓe mana." Shi ganyen ya gani. Ni kuwa ɗakin ne ya tsaya mini a rai, domin a bayanmu kaɗan, bakin kwalta, tumatir ne a yayyanke a kan leda, awaki na kewaya shi, kowace mota ta wuce sai ta yayyafa masa ƙura.

Ba zan koya wa kowa girbin wiwi ko shanyarta ba. Haramtacciya ce a dokar ƙasarmu, kuma malamanmu sun sanya ta cikin kayan maye. Na kawo ta ne a matsayin madubi. Wasu sun ɗauki ganyen maye sun gina masa ɗaki da ma'auni da ɗakin gwaji, mu kuma abincinmu da hajarmu muna shanya su yadda muka tarar, ko ma ƙasa da haka. Tambayar da nake son mu riƙe ita ce: ina riba take zubewa?

Ƙasar da ake magana a kanta

Wanda bai san Adar-Dutsi-Maggiya ba yakan ɗauka duk dutse ce. Gaskiya ne akwai tudun dutse da fako, amma tsakaninsu kwaruruka ne masu ƙasa mai nauyi: kwarin Keita, Maggiya da ta ratsa ƙasar Buza ta gangara wajen Ƙonni, da Tarka da ta bi ta ƙasar Madawa. Tarihin siyasar yankin kafin zuwan Turawa Djibo Hamani ya rubuta shi tun 1975, ba sai na maimaita ba. Abin da ya shafe mu shi ne abin da ya biyo bayan fari biyu, na 1973 da na 1984.

A 1975 ƙungiyar CARE da ma'aikatan gandun daji suka fara dasa layukan dogon yaro, wanda wasu ke kira bedi, a kwarin Maggiya don karya ƙarfin iska. A 1984 kuma, zamanin Seyni Kountché, aka buɗe babban aikin raya karkara na Keita da kuɗin Italiya, hukumar FAO na gudanarwa, hukumar abinci ta PAM na biyan ma'aikata da abinci. Mata ne suka ɗauki mafi yawan duwatsun, domin maza sun tafi cin rani. An farfaɗo da ƙasa fiye da hekta 30,000, an dasa itatuwa kusan miliyan 18, an tare ƙoramu da madatsai, daga baya aikin ya miƙa zuwa Buza da Abalak. A Madawa ma aikin kwarin Tarka ya yawaita rijiyoyin garka da injunan ban-ruwa. Inda ruwa ya kwanta a bayan madatsa, ko ya matso kusa a rijiya, noman rani ya kafu: albasa, tumatir, tattasai, kabeji, dankali.

Ma'aunin da muka saba yaba waɗannan ayyuka da shi shi ne hekta nawa da itace nawa. Ma'auni ne mai kyau, amma a bakin gona yake tsayawa. Abin da ya samu amfanin bayan an tuge shi, wannan sai ka je kasuwar Tamaske ko ta Sabon Gida ka gani da idonka, ko ka ji da hancinka.

Lissafin ruwa

Duk maganar shanya maganar ruwa ce. Ɗanyen tumatir kusan kashi 94 cikin 100 na nauyinsa ruwa ne. Albasa ta kusa kashi 90. Ɗanyen ganye, ko na rama ko na zogale ko na yakuwa, yakan kai kashi 75 zuwa 90. Hatsi kuwa ba ya zama lafiya a rumbu sai ruwan jikinsa ya sauko wajen kashi 12 ko 13.

Mu yi lissafin tumatir a fili. Kilo 100 na ɗanye, ainihin namansa kilo 6 ne kawai. Idan aka shanya shi har ruwan da ya rage ya zama kashi 12, abin da za a kwasa bai kai kilo 7 ba. Ma'ana, kowace tiya ta kauɗa da ke gaban mai talla ta haɗiye aikin ban-ruwa da taki da tsinka na abin da ya ninka nauyinta sau goma sha huɗu. To idan wannan tiya ta yi baƙi, ko yashi ya shige ta, ko ta yi funfuna, ba kilo ɗaya aka ɓata ba. Wannan shi ne dalilin da ya sa kuskuren kwana uku a wurin shanya yake cinye wahalar wata uku a garka.

Allah ya hore wa yankin nan abin da wasu ke saye da wutar lantarki. Daga Disamba zuwa Afrilu iskar hunturu da zafin bazara sukan bushe abu cikin ƴan kwanaki. Laimar iska kan sauka ƙasa da kashi 20 da rana, zafi kuma ya haura digiri 40 a Afrilu. Sai dai iskar da ke busarwa ita ce ke ɗauko ƙura, ranar da ke kore ruwa ita ce ke ƙone launi, tana kuma lalata sinadarin karotin da jiki ke juyawa ya zama bitamin A. Shi ya sa kuka ko zogalen da aka shanya a inuwa yake fitowa kore shar, wanda aka baza a tsakar rana kuma ya koma kalar ƙasa. Tsofaffin mata sun san wannan ba tare da an ambaci karotin ba. Ka tambayi kowace mai sayen kuka, idonta kan launi yake fara sauka.

Albasa, da rigimar lawashi

A nan zan ɗan daɗe, domin nan ne kuɗin yankin yake. Albasar Galmi mai launin shuɗi-ja ta yi suna daga Akara da Kumasi har Abijan, Lome da Kwatano. Sunan ma ya taɓa zama abin taƙaddama: a ƙarshen shekarun 2000 wani kamfanin iri da ke Senegal ya nemi hukumar OAPI ta ba shi haƙƙin mallakar irin da wannan suna, manoman Nijar ta bakin ƙungiyarsu ANFO suka tashi tsaye har aka janye. Garin Galmi ya ba da suna, amma buhuna masu yawa daga Tarka da Maggiya da kwarin Keita suke fitowa.

Albasa ba a shanya ta ta bushe kamar kauɗa. Abin da ake nema shi ne wuyanta ya tsuke ya rufe, ɓawon waje ya bushe ya zama riga. Ta wuya ruɓa ke shiga. Ƙa'idar sananniya ce ga duk wanda ya yi karatun aikin gona: a rage takin yuriya a ƙarshe, a ɗauke ruwa kwana goma zuwa sha biyar kafin tugewa, a jira yawancin ganyen ya kwanta da kansa, a bar ta ta sha iska ba tare da rana ta dafa ta ba, sannan a yanke ganyen a bar ɗan tsawo a wuya. Manomin Madawa bai jahilci wannan ba. Me ya sa ba ya bi kullum?

Amsa ta farko buhu ne. Ana sayen albasa da cikar buhu, ba da sikeli ba, kuma buhun da ake ɗora wa hula yakan haura kilo 100. Wanda zai sayar gobe, ribarsa ita ce albasa ta kumbura ta cika buhu da wuri, don haka zai ba ta ruwa da taki har ranar ƙarshe. Hausawa sun ce albasa ba ta yi halin ruwa ba. A wannan karon kuwa ta yi, domin wadda aka cika wa ciki da ruwa ba ta kai damina a rumbun ajiya. Amsa ta biyu bashi ne. Wanda ya ci kuɗin mai da taki a hannun ɗan kasuwa ba shi da ikon jiran kwana goma sha biyar, balle wata biyar. Girbi ya haɗu a Maris da Afrilu, kasuwa ta cika, farashi ya faɗi. Zuwa ƙarshen damina buhun nan ya ninka kuɗinsa sau biyu, sau uku, wata shekara ma fiye. Wanda ya iya ajiya shi ke cin wannan bambanci, kuma sau da yawa ba shi ne ya yi ban-ruwa ba. Tsarin jinginar da amfanin gona a ɗakin ajiya a karɓi rance, wanda aka gwada a Nijar tun wajen 1999 ƙarƙashin wani aikin FAO, ya fi dacewa da gero da wake da gyaɗa. Mai ba da rance yana tsoron abin da ke raguwa kullum a hannunsa.

Amsa ta uku ita ce wadda ban cika jin ana faɗi a taruka ba, kuma ita na fi so mu tattauna. Ganyen albasa, lawashi, shi ma haja ne. Ana daka shi ko a kirɓa, a dunƙule, a shanya, ya zama gabu, wanda miyar gidaje da yawa ba ta yi sai da shi, kuma akasari hannun mata yake ratsawa. Gabu mai kyau daga ɗanyen lawashi mai ƙamshi yake fitowa. Albasar ajiya kuwa so take a bar mata ganyenta ya bushe a jikinta. Ga shuka ɗaya, ga buƙata biyu masu karo da juna, kuma sau da yawa a cikin gida ɗaya: maigida na son albasar da za ta daɗe, uwargida na son lawashin da zai yi gabu. Idan malamin gona ya zo ya ce a bar ganye ya bushe, bai san ya taɓa jarin wata ba. Shawararsa daidai ce a littafi, amma ba za a bi ta ba, kuma ba taurin kai ne ya hana ba.

Sai rudu, rumbun kara da ciyawa da ake ɗagawa daga ƙasa don iska ta ratsa. Ana yawan kushe shi, ana cewa albasa na lalacewa a ciki har kashi ɗaya cikin uku ko fiye kafin wata huɗu ko biyar. Ban musa asarar ba. Abin da nake musu shi ne ɗora wa rudu laifin duka. Albasar da aka tuge da ɗanyen wuya, aka jefa ta a amalanke ta ƙuje, aka zuba babba da ƙarama da mai rauni wuri ɗaya, ko a ɗakin siminti aka kai ta ruɓewa za ta yi. An gina ɗakunan ajiya na zamani a wurare da dama, wasu na aiki, wasu kuma na ga an mai da su wurin ajiye buhunan wofi. Gini ba ya gyara abin da aka ɓata tun a kwami. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, da ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta rufe iyakoki, motocin albasa sun tsaya kwanaki a hanya, kuma a nan aka ga bambancin kaya da kaya: mai rufaffen wuya ta jure, mai ruwa ta zube ta ƙasan mota.

Kauɗa, rama da taba

Kauɗar tumatir ba ta buƙatar dogon bayani. Ana yin ta ne galibi ba don an shirya ba, sai don ɗanye ya yi kwantai. Abin da ya rage bayan kasuwa ta ƙi, har da wanda ya fara laushi, shi ake tsagawa a baza a ƙasa ko kan dutse. Kayan da aka fara da raini da raini yake ƙarewa. Ɗaga shanya daga ƙasa a kan gadon kara, rufe ta da gidan sauro, kwashe ta kafin raɓa, zaɓen lafiyayyen tumatir tun farko: babu ɗaya a ciki da ke buƙatar injin waje. Abin da ya rage shi ne kasuwa ta biya bambancin, domin muddin tiyar mai yashi da tiyar mai tsabta kuɗinsu ɗaya, babu wadda za ta wahalar da kanta. Haka zancen yake ga tattasai da barkono da gyaɗa, inda funfuna ke iya haifar da gubar aflatoksin mai lahanta hanta, wadda ido ba ya gani kuma dafuwa ba ta kashewa.

Rama kuwa tana da alaƙa ta ban dariya da batunmu. Sunanta a ilimin tsirrai Hibiscus cannabinus, kuma masanin tsirrai Linnaeus ya laƙaba mata kashi na biyu na sunan ne saboda ganyenta mai yatsu ya yi kama da na wiwi. Kamar ta tsaya a ido: rama dangin kuɓewa ce da yakuwa da auduga, ba ta sa maye ko kaɗan. Ganyenta ana kwaɗo da shi, ana shanya shi don rani, karanta kuma a jiƙa a ruwa a saɓule ɓawon a tufka igiya. Masu kare noman wiwi sukan ce ai ba don maye kaɗai ba ne, akwai nau'in da ake nomawa don zare. To ga zare nan a gefen gonakinmu tun kaka da kakanni, halattacce, ya saba da ƙasarmu, kuma igiyar leda ta kore shi daga kasuwa ba tare da wani ya yi masa kuka ba. Idan zare ake so, a fara da wanda ake da irinsa a gida.

Taba ita ce shaidar cewa Bahaushen kwari ya daɗe da sanin shanya ta ƙwarewa. An daɗe ana noman ta a fadamun Maggiya da na gulbin Maraɗi, kuma Heinrich Barth ya ga gonakinta a ƙasar Katsina a tsakiyar ƙarni na 19. Mai taba ba ya baza ganyensa a rana ya tafi. Yana lura da nunar ganye, yana sarrafa inuwa, yana tara shi ya yi gumi har launi da ƙamshi su juya, sannan a daka a haɗa da kanwa ga masu taunawa. Furenta ma mata na goge haƙori da shi tare da goro. Ba tallar taba nake yi ba, illarta ga lafiya ba ɓoyayya ba ce, kuma taba ta bambanta da garin gero. Abin lura shi ne a inda mai saye yake biyan inganci, manomi ya ƙware a shanya ba tare da wani aiki na ƙasashen waje ya koya masa ba.

Wiwi: doka, hanya, da waɗanda suka riga mu

Yanzu mu koma ga saurayin tasha. A Nijar, doka mai lamba 99-42 ta ranar 23 ga Satumba 1999 ita ce ginshiƙin yaƙi da miyagun ƙwayoyi, kuma ta hana noman wiwi da sarrafa ta da safararta da riƙe ta. Ofishin OCRTIS ne ke bin sawun masu fataucin. Ƙasarmu a wannan harka hanya ce fiye da gona. A Maris 2021 an kama tan 17 na ƙaron wiwi a Yamai, kayan da suka taso daga Lebanon suka shigo ta tashar jiragen ruwa ta Lome, ana shirin wucewa da su Libiya. Ganyen da samari ke busawa a bayan gari kuwa mafi yawansa daga kudu yake haurowa. A Najeriya, inda aka yi doka ta musamman a kanta a 1966 aka kuma kafa hukumar NDLEA a 1989, manyan gonakin suna cikin dazuzzukan Ondo da Edo da maƙwabtansu, kuma binciken da aka yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya ƙiyasta masu shan ta a can sun kai miliyan 10.6. Madawa na kan babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, iyaka kuma ba ta da nisa ta wajen Bangi. Don haka abin da ya iso mana daga wannan ciniki shi ne mashayi da ɗan aike da fursuna, tare da abokiyar tafiyarta tramol da wasu ƴan ƙwadago ke haɗiya don su jure aikin garka.

Gaskiya ne duniya ta motsa. Uruguwai ta halatta a 2013, Kanada a 2018. A Disamba 2020 hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ta cire wiwi daga jeri na huɗu na yarjejeniyar miyagun ƙwayoyi ta 1961, ko da yake ta bar ta a jeri na farko, wato har yanzu ƙarƙashin tsaro take. A Afirka, Lesoto ta fara ba da lasisin noman ta don magani a 2017, kotun tsarin mulkin Afirka ta Kudu ta yarda babba ya shuka don amfanin kansa a keɓe a 2018, Gana ta buɗe ƙofa ga nau'in da sinadarin mayensa bai wuce kashi 0.3 cikin 100 ba, Maroko kuma ta yi doka a 2021 don magani da masana'antu, ta taƙaita noman ga larduna uku na tsaunukan Rif.

Amma a dubi wanda ya ci moriyar. A Lesoto kuɗin lasisi da sharuɗɗan gini sun fi ƙarfin ƙaramin manomi, sai kamfanoni masu jarin waje suka shige gaba, mutanen tsauni da suka daɗe suna noman ta a ɓoye suka ci gaba da zama a ɓoye. A Rif an shafe shekaru da dama ana noman ta, Turai na saye da tsada, amma yankin bai fita daga sahun matalautan yankunan Maroko ba. Ribar tana hannun mai tacewa da mai tsallakar da kaya. Wannan ai labarin albasarmu ne da wata riga. A kasuwar halal ta magani, abin da ake biya shi ne tabbacin cewa kayan ba su da funfuna, ba ragowar maganin ƙwari, an auna laimarsu, an rubuta tarihin kowane ƙunshi. Wanda kauɗarsa ke kwana a bakin kwalta ba zai tsallake wannan gwaji ba ko da an halatta masa gobe. Ban ma shiga maganar ruwa ba: kowace rijiyar da aka juya ga ganyen da ba a ci an ɗauke ta ne daga tukunya, a ƙasar da matanta suka ɗauki dutse a ka kafin ruwan ya tsaya.

Abin da za a iya ɗauka daga ɗakin

Me ke cikin hoton ɗakin nan na Kanada da ba mu da shi? Ba rana ba ce, ba iska ba ce. Ma'auni ne, da tsabta, da mai saye da ke bambance kaya. Mun taɓa ganin irin wannan sauyi a kan wake. Buhun PICS mai leda biyu a ciki, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta yaɗa tare da masu binciken aikin gona na INRAN a Maraɗi daga wajen 2007, ya karɓu domin yana da araha, manomi na ganin sakamakon da idonsa idan an kwance buhu a bainar jama'a, kuma ana samun sa a kasuwa. Sharaɗinsa ɗaya ne, wake ya bushe sosai kafin a ɗaure. Ko shi ma ga shanya ya dawo.

Ga masu bincike, musamman na jami'ar Tawa da ke kusa da filin, akwai aikin da ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. A ɗauki garka ɗaya a Tarka, ɗaya a Maggiya, ɗaya a ƙasan madatsar Ibohaman. A raba kowace gida biyu: rabi a yanke lawashi ɗanye a yi gabu, rabi a bar ganye ya bushe a jiki. A auna albasar da sikeli ranar shiga rudu, a sake aunawa kowane wata har Satumba. A gefe guda a rubuta kuɗin gabun da aka samu a rabin farko, da hannun da kuɗin ya shiga. Sai an ajiye lambobin nan biyu kusa da juna za a san ko shawarar malamin gona riba ce ga gidan gaba ɗaya, ko kuwa kwashe kuɗi ce daga ƙullin zanen uwargida zuwa aljihun maigida. Mai yiwuwa ma mafita tana wurin manoman da kansu, domin na ga masu ware ƴan kwamai na musamman don lawashi, su bar sauran don ajiya, kuma zan so a fara tambayar su kafin a rubuta musu takardar horo.